Yadda ake gwajin entalfi da gano sinadaran oganik a lab ɗin makaranta, ko da kayan aiki ba su cika ba

Na daɗe ina shirya wa ɗaliban IJMB da 'yan SS3 firaktikal na kemistiri, kuma duk shekara wurare biyu ne suke ba yara da sabbin malamai wahala, wato auna zafin da haɗin sinadarai ke fitarwa ko sha, sai kuma a miƙo maka kwalabe biyar masu ruwa fari tas babu suna a ce gano wanne ne wanne. Duka biyun ba wuya ce da su ba, hannu ne ke ɓata su, ko zafi ya gudu ta bakin kofi ko tes-tub ɗin da ba a wanke da kyau ba ya yi maka ƙarya. To ga yadda nake yi.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa komai kaɗan ne. Idan ka taɓa ganin mata masu yin sabulu sun zuba soda cikin bokitin ruwa, za ka ga bokitin ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa, wannan shi ne ekzotamik, zafi ya fita, ΔH ɗinsa, wato canjin entalfi, zafin da haɗin ya fitar ko ya sha a kan kowane mol, da alamar ragi yake zuwa. Idan kuma ka jiƙa takin yuriya a ruwa ka riƙe robar za ka ji ta yi sanyi kamar an sa ƙanƙara, wannan endotamik ne, ya sha zafi, ΔH da alamar tarawa. Lissafin kuma layi biyu ne: q = m × c × ΔT, sannan ΔH = −q ÷ n. q yawan zafin ne, m nauyin ruwan da ya ɗau zafin ne a giram, c kuma, wato zafin da giram ɗaya na ruwa ke sha ya hau digiri ɗaya, 4.18 J/g/K ne (wasu littattafan su ce 4.2, bi wanda aka ba ka a takarda), ΔT bambancin zafi, n yawan mol, wato ma'aunin yawan sinadari. Shi ke nan.

Kayan aiki

Na ɓangaren zafi: kofin fom irin wanda ake raba shayi a ciki wajen taro, murfi na kwali da aka huda, bika babba da za ka zaunar da kofin ciki kada ya kife, tamomita mai karanta 0.1 ko aƙalla 0.5, silinda ko fifet, sikeli mai lamba biyu bayan ɗigo, agogon waya, takardar giraf. Sinadarai: HCl 1.0 M (M na nufin mol a kowace lita), NaOH, CuSO4 0.2 M, garin zink, etanol da ɗan fitilar sifirit.

Na ɓangaren oganik: tes-tub aƙalla 12 tsaftatattu, diropa daban ga kowace kwalba, litmus, NaHCO3, ruwan biromin, sinadarin Brady wato 2,4-DNPH, AgNO3 da amoniya don haɗa Tollens, Fehling A da B, K2Cr2O7 da H2SO4 mai sauƙi, ayodin a cikin KI, FeCl3, ketul ko risho don ruwan zafi, da gilashin kare ido.

Idan babu kofin fom, sa kofin roba biyu ɗaya cikin ɗaya ka cusa auduga a tsakaninsu, yana aiki sosai. Amma kada ka yi da bika na gilashi tsirara, gilashi na shanye zafi. Idan babu fifet, sirinji mai 20 ml daga kemis ya fi tsohuwar silinda da lambobinta suka goge. Batun ruwa kuma, ruwan rijiya ko na burtsatse ba ya yi wa AgNO3, nan take zai yi fari saboda kulorayid ɗin da ke ciki. In babu distil, wato tataccen ruwan lab, ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ko ruwan sama da aka tara a roba mai tsafta bayan an ɗan jima ana yi zai fitar da kai, sai dai ka gwada da ɗigon AgNO3 tukuna. Wanda masu cajin batir ke sayarwa ma ana amfani da shi amma fa sa masa litmus, don wani lokaci ruwan asid za a ba ka da sunan ruwan batir.

Gwaji na farko: asid da alkali

1. Haɗa ruwan sinadaranka tun jiya. Wannan shi ne abin da sabbin malamai ke yawan tsallakewa, su haɗa NaOH da safe ƙarfe takwas a shiga firaktikal ƙarfe tara, alhali ruwan bai huce ba. Giram 40 na NaOH a lita ɗaya shi ne 1.0 M, amma ni nakan sa 44 ya zama 1.1 M da gangan, dalili kuwa NaOH na jan danshi daga iska tun yana kan sikeli, ba za ka taɓa samun ainihin nauyin da ka auna ba, to gara ya yi rara, asid ɗin ya zama shi ne zai fara ƙarewa, da shi za ka yi lissafin mol hankali kwance. Wajen sirka HCl, asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid.

2. Auna 50 cm³ na HCl ka zuba a kofin fom. Auna 50 cm³ na NaOH a wata silinda daban. Kashe fanka, rufe tagar da iska ke shigowa. Ranar da aka ɗauke wuta ma ni na fi samun sakamako mai kyau.

3. Ɗauki zafin asid ɗin, ɗauraye tamomita ka goge, sannan ka ɗauki na alkali. In ba ka ɗauraye ba ka riga ka fara haɗin tun a bakin tamomita. Idan sun bambanta, misali 30.0 da 30.4, matsakaicinsu za ka ɗauka, 30.2.

4. Juye NaOH ɗin gaba ɗaya lokaci guda, ba ɗigo-ɗigo kamar taitireshan ba, rufe, ka riƙa kaɗa kofin a hankali idonka na kan tamomita. Cikin daƙiƙu kaɗan zai hau ya tsaya ya fara sauka, lamba mafi girma ita za ka rubuta. Kada ka ciro tamomita daga ruwan don ka karanta, kai ne za ka sunkuya. Kuma ba ludayi ba ne, na taɓa samun yaro da ya dama da shi kamar yana dama fura ya fasa, muka kwashe sauran darasin muna tsintar makuri, ruwan ƙarfen nan na cikin tamomita, da garin sulfa, an kori kowa waje.

5. Lissafi. A ce zafi ya tashi daga 30.2 zuwa 36.7, ΔT = 6.5. Nauyin ruwa 100 g ne, domin duka biyun ne suka ɗau zafi, kuma muna ɗaukar 1 cm³ a matsayin giram 1. q = 100 × 4.18 × 6.5 = 2717 J. Mol na HCl = 1.0 × 50 ÷ 1000 = 0.05. ΔH = −2717 ÷ 0.05 = −54340 J/mol, wato −54.3 kJ/mol. Na littafi kusan −57 ne ga asid mai ƙarfi da alkali mai ƙarfi, to in ka samu tsakanin −52 da −57 hannunka ya yi kyau, kada ka goge ka rubuta na littafi, mai maki ya san kofi na ɓarar da zafi, wanda ya kawo −57.1 cif shi ake zargi.

Kurakuran da nake ja wa jan biro kullum su ne waɗannan: a sa m = 50 maimakon 100, a tara mol na asid da na alkali a raba da 0.1, a manta alamar ragi, a manta mayar da J zuwa kJ, sai kuma masu ƙara 273 a kan ΔT. Bambanci ne fa, digiri 6.5 a selsiyos shi ne 6.5 a kelbin. Idan kuma H2SO4 aka ba ka, ka tuna mol ɗaya nasa na ba da mol biyu na ruwa, kuma entalfin nan a kan mol ɗaya na ruwa ake faɗinsa. In etanoyik asid ne za ka samu ƙasa da na HCl kaɗan, don wani ɓangare na zafin ya tafi wajen warware asid ɗin tunda ba ya rabuwa duka a ruwa.

Gwaji na biyu: zink da CuSO4, mai giraf

Wannan ya fi na farko daɗi kuma ya fi shi tarko, domin haɗin ba ya ƙarewa nan take, yana ɗaukar mintuna, kuma duk lokacin da yake tafiya zafi na gudu, to lamba mafi girma da za ka gani a tamomita ba ita ce gaskiya ba, ta yi ƙasa. Giraf ne ke dawo maka da abin da ya gudu.

1. Narkar da giram 12.5 na CuSO4·5H2O mai shuɗin nan a ruwa ka cike zuwa 250 cm³, ka samu 0.2 M ke nan. Auna 25 cm³ a kofi, mol 0.005 ne.

2. Auna garin zink kamar giram 1. Abin da ake buƙata 0.33 g ne kawai, saura rara ce da gangan. Gari nake nufi, ba ƙwallaye ba, in ƙwallayen zink ka sa za ka kwana a wurin zafi bai hau ba. Idan garin ya daɗe a kwalba ya yi fari-fari ya dunƙule, ya riga ya yi oksayid a jiki, sakamako zai yi ƙasa, nemi sabo. Babu zink sam? Garin ƙarfe zai yi, sai dai zafinsa bai kai ba, kuma lambar littafinsa daban ce.

3. Kunna agogo, rubuta zafin ruwan a minti 0, 1, 2, 3 ba ka sa komai ba. A minti na 4 cif zuba zink ɗin duka, rufe, kaɗa, kada ka karanta komai a wannan mintin. Daga minti na 5 ci gaba da karantawa kowane minti har 15, kana kaɗawa a tsakani don zink na da nauyi, yana kwanciya a ƙasa ya yi zamansa. Za ka ga shuɗin na dusashewa, jan gari na kofa, wato jan ƙarfe, na taruwa. In ruwan bai washe ba har ƙarshe to haɗin bai gama ba, ba ka kaɗa sosai ba.

4. Zana giraf, lokaci a kwance zafi a tsaye. Ja layi miƙaƙƙe ta kan maki huɗun farko zuwa minti na 4. Sannan ka duba inda zafi ya fara sauka a jere, ka ɗora rula a kan waɗannan makin kawai, ka ja layin baya har ya kai minti na 4. Tazarar da ke tsakanin layukan biyu a minti na 4 ita ce ΔT. Kada ka haɗa da makin da zafi ke kan hawa, su ne ke karkatar da layi, kuma kada ka bi maki ɗaya-ɗaya kana haɗawa kamar zanen tsauni.

5. A ce ka samu 9.8. q = 25 × 4.18 × 9.8 = 1024 J, raba da 0.005, ΔH ≈ −205 kJ/mol. Na littafi wajen −217 yake. Lura, m = 25 ne, ba a tara nauyin zink a kai, kuma da mol na CuSO4 ake rabawa tunda shi ne ya ƙare. Duk shekara sai na samu wanda ya raba da mol na zink ya kawo min −67 yana rantsuwa lissafinsa daidai ne.

Gwaji na uku: ƙona etanol

Ba zan daɗe a nan ba don gaskiya gwajin ba shi da inganci, amma ana tambayarsa. Zuba 100 cm³ na ruwa a gwangwanin madara da aka wanke, a nan ƙarfe ake so ba fom ba. Auna fitilar sifirit da murfinta, kunna a ƙarƙashin gwangwanin, tazara kamar yatsu biyu, kare da kwali ta gefe uku nesa da wutar, kana motsa ruwan har zafi ya ƙaru da digiri 20, kashe da murfi ka sake aunawa nan take don etanol na ci gaba da tashi ta lagwani. In giram 0.50 ya ƙone, mol = 0.50 ÷ 46 = 0.0109, q = 8360 J, ΔH ≈ −770 kJ/mol, alhali na littafi −1367 ne. Kada hankalinka ya tashi, kowa haka yake samu. Juya gwangwanin ka ga baƙin hayaƙi a gindinsa, shaidar ƙonewar ba ta cika ba ke nan, ga zafin da iska ta kwashe ga wanda gwangwani ya sha, waɗannan ukun za ka rubuta in an tambayi dalili. In babu fitila, kwalbar magani ƙarama mai murfin ƙarfe ka huda ka zura lagwani. Kada ka ƙara etanol wuta na ci.

Gano sinadaran oganik

A nan sirrin shi ne jeri. Sinadari ɗaya na iya amsa gwaji uku, to in ka fara da wanda kowa ke amsawa ka rikita kanka. Misali daikuromet, wato K2Cr2O7, alkohol na juya shi aldihayid ma na juya shi, wanda ya fara da shi bai san komai ba tukuna. Kowane gwaji sabon samfur kamar 1 cm³ a sabon tes-tub, ba a ci gaba a kan tsohon. Kuma duk dumamawa a bika na ruwan zafi ake yi, ba a kai tes-tub kan wuta, kusan dukkansu masu kamawa da wuta ne.

1. Duba da ido da hanci. Fifita ƙamshin da hannu zuwa hancinka, kada ka dangwala hanci a bakin kwalba. Tsami irin na binega, ƙamshin abin goge jan farce, ƙamshin sifirit na asibiti, duk alamu ne amma ba hujja ba ne. Ɗiga kaɗan a ruwa, wanda ya yi falle biyu kamar mai a kan miya to haidirokabon ne ko haloalken ko wani mai doguwar sarƙa, wanda ya gauraye kuma ƙaramin alkohol ne ko asid ko aldihayid ko kiton. Malami na iya ƙona ɗigo biyu a murfin kwalba, wuta mai baƙin hayaƙi sosai na nuna kabon ya yi yawa, irin dangin benzin.

2. NaHCO3, wato baikabonet. Zuba ɗan gari ko ruwansa, in ya yi kumfa fuuu to kabokzilik asid ne, ka cire shi daga layi. Bakar hoda ta tuya wadda aka rubuta baikabonet zalla a jiki za ta yi. Litmus kaɗai bai isa ba don finol ma na iya ɗan ja da shi amma ba ya kumfa da baikabonet, wannan ne bambancinsu.

3. Ruwan biromin. Ɗigo biyar, toshe, girgiza. Ruwan lemo ya ɓace ya koma fari tas, akwai C=C, alkin ne. In launin ya ƙaura ne kawai zuwa fallen sama bai ɓace ba, alken ne, wato marar C=C, biromin ɗin ya narke a cikinsa kawai, yara da yawa na faɗawa wannan ramin don sun ga ruwan ƙasa ya washe. In launi ya ɓace kuma farin gari ya fito, finol ne. Rubuta launin farko da na ƙarshe, kada ka rubuta "ya washe" kawai. Ruwan biromin ba ya son rana kuma ba ya daɗewa, in ka ga naka ya koɗe ya zama kamar ruwan shayi marar ganye ya mutu. Madadinsa KMnO4 ne da ɗan asid, ana samunsa a kemis, sirka shi sosai har ka iya gani ta cikinsa, shunayya ta ɓace. Sai dai shi ba shi da zaɓe, aldihayid da alkohol ma na kashe masa launi, don haka sai ka haɗa da abin da ka gani a mataki na 1. In babu saikuloheksin na nuna wa yara, man gyaɗa na yi.

4. Brady. Ɗigo uku na samfur a 1 cm³ na sinadarin, gari ruwan lemo ko ruwan ɗorawa ya fito ya kwanta, akwai C=O na aldihayid ko kiton. Asid da esta ba sa amsawa duk da suna da C=O. Sinadarin kansa ruwan lemo ne, to gari ake nema ba launi ba, ɗaga tes-tub ɗin wajen haske ka gani ko ya yi duhu-duhu. Akwai shekarar da duka kwalabe biyar suka amsa Brady har da binega, na yi ta zargin sinadarin, ashe mai kula da lab ne ya ɗauraye tes-tub da asiton don su bushe da wuri, asiton kuwa kiton ne. Tun daga ranar na hana asiton kusantar wurin wanki. Garin 2,4-DNPH kuma a jiƙe ake ajiye shi, in ka tarar da tsohuwar kwalba ta bushe ƙayau kada ka murɗa murfin da ƙarfi, yana iya fashewa.

5. Tollens, don raba aldihayid da kiton. Wannan a take ake haɗa shi. 1 cm³ na AgNO3, ɗigo ɗaya na NaOH, gari ruwan ƙasa zai fito, sai ka riƙa ɗiga amoniya mai sauƙi kana girgizawa har garin ya narke da ƙyar, ka tsaya nan. Amoniya ta yi yawa madubi ba zai fito ba, wannan shi ne kuskure na ɗaya. Na biyu tes-tub mai maiƙo, azurfa ba ta kama shi, sai ka samu baƙin gari kawai, shi ma amsa ce amma babu kyau. Sa ɗigo uku na samfur, tsoma a ruwan zafi kamar digiri 60, ka ƙyale shi kada ka girgiza, minti biyar za ka ga fuskarka a jikin gilashi in aldihayid ne. Kiton ba ya yin komai. Metanoyik asid ma na ba da madubi, shi ya sa muka cire asid tun a mataki na 2.

In AgNO3 ya yi tsada, kuma yana da tsada, haɗa Fehling A da B daidai wa daida, sa samfur, dumama, in aldihayid ne shuɗi ya koma gari jan bulo. Benedict na lab ɗin bayoloji ma ya wadatar. Abu ɗaya, benzaldihayid na amsa Tollens amma ba ya amsa Fehling. Wata matsalar tamu ta nan ita ce etanal, a digiri 20 yake tafasa, a zafin watan Afrilu kafin ka buɗe kwalba ya gudu, sai ka tarar da kwalba babu komai. Sayi furofanal, ko kuma don nuna madubi kawai ka yi da gulukos, madubinsa ya ma fi kyau.

6. Daikuromet da asid. Sauran da ba su amsa komai ba yanzu ake zuwa kansu. Dumama, ruwan lemo ya koma kore, alkohol ne na farko ko na biyu. Bai canza ba kuma yana gaurayuwa da ruwa, zargi alkohol na uku. Sa safar hannu, sinadarin nan guba ne kuma yana cikin masu jawo kansa, ragowarsa a kwalba daban ake tarawa ba a kwata ba. Kana son ƙarin tabbaci cewa alkohol ne, haɗa shi da etanoyik asid da ɗigo biyu na H2SO4 mai kauri, dumama, juye a ruwan baikabonet, ƙamshi mai daɗi irin na alewa zai tashi, esta ke nan.

7. Ayodofom. 1 cm³ na ayodin, ɗigo biyar na samfur, sai NaOH ɗigo-ɗigo har ruwan ƙasan ya kusa ɓacewa, ɗan dumama, bar shi ya huce. Gari ruwan ɗorawa mai warin asibiti, CHI3 ke nan. Da shi ake raba etanol da metanol, da furofan-2-ol da furofan-1-ol, na farkon kowanne ke amsawa, asiton da etanal ma suna amsawa. Gargaɗi babba: kada ka ce babu ayodin bari in sayo na ciwo a kemis, tinca ɗin nan a cikin etanol aka narkar da shi, komai ka gwada zai amsa har ruwan famfo. Etanol kuma yana da nawa, ba shi minti biyar kafin ka yanke hukunci.

8. FeCl3 ɗigo biyu, launin shunayya, finol ya tabbata. In kuma ana zargin haloalken, dumama da NaOH, sa HNO3 har litmus ya yi ja, sannan AgNO3: fari kulorin, ruwan madara biromin, ruwan ɗorawa ayodin. Wanda ya tsallake HNO3 gari ruwan ƙasa zai gani ya rasa na faɗa.

A takardar amsa layi uku ake so, gwajin da ka yi, abin da ka gani, abin da ka fahimta, kuma "babu canji" ma amsa ce mai maki, rubuta ta. Ni kullum nakan ajiye tes-tub ɗaya da ruwa zalla a kowane gwaji a gefe, in yaro ya ce "Malam kamar ya ɗan canza" sai in ce ɗora shi kusa da wancan mu gani, yawanci gardama a nan take mutuwa.

Kafin kowa ya fita, tes-tub ɗin Tollens su ne farkon wanki. Ba a barinsa ya kwana, ba a zuba ragowar a kwalba a ce sai gobe, in ya jima yana haɗa wani baƙin sinadari na azurfa da ke fashewa da ɗan motsi. Zuba masa HNO3 mai sauƙi, madubin zai narke, sannan ka kora da ruwa mai yawa. Yara za su roƙe ka su tafi da madubin gida, in za ka ba su to zubar da ruwan ciki, ɗauraye sau uku, ka bar shi ya bushe tukuna.